Kyauta ce ko aro? A daina lissafin tsire

Wata ɗabi'a ta shigo mana, daga Matameye har Damagaram, kuma ban ga mai tsawata mata ba. Saurayi da budurwa su rabu, kwana biyu sai ga ƙanen saurayin a ƙofar gida da takarda a hannu. Lissafi ne: salula jikka 35, turmin atamfa na ƙaramar salla, katin waya, kuɗin kabu-kabu, kuɗin zance na shekara biyu, har tsiren da shi ma ya ci rabi. A ƙasa an ja layi an tara. Wai a biya shi. A fada kuma abokai suna zuba masa shayi suna cewa ya yi daidai, ai ba a cin kuɗin namiji a kwana lafiya.

Haba ƴan uwa! Hausa ba ta bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Muna da kyauta, muna da aro, muna da rance, muna da ajiya, kowace da hukuncinta. Aro, abin da ka karɓa shi ɗin za ka mayar. Shi ya sa ake aron keke amma ake rancen kuɗi ko hatsi, don su madadinsu ake biya. Ajiya amana ce, ba a ma taɓa ta. Kyauta kuwa ta fita hannunka tun ranar da ka miƙa. Ku duba jimloli biyun nan: "na bar miki shi" da "na bar shi wurinki". Aikatau ɗaya ne, amma a ta farko abin ya zama nata, a ta biyu wuri kawai ya sauya. Yaron da bai taɓa shiga lakkwal ba ya san bambancin. To, ɗalibin jami'ar André Salifou da ya ce "ga wannan, ki yi kwalliyar salla", yaushe maganarsa ta rikiɗe ta koma "ki ajiye mini sai ranar da muka ɓata"? In rance ka yi niyya, me ya hana ka faɗa lokacin da take godiya?

Na san abin da za a ce mini: ai malamai sun yarda a karɓa. Gaskiya ne, a mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya nemi aure ya kai kaya, in ɓangaren mace ne ya janye, yana da damar neman kayansa. In shi ya janye, ba shi da komai, sai dai in akwai sharaɗi ko al'ada da ta ce ba haka ba. Amma neman aure ake magana. Kuɗin gaisuwa, kayan sa rana, akwatin lefe, waɗannan manya suka kai, manya suka ƙirga, da shaidu. Abin da ya shiga ta zaure, ta zaure zai fita, in an yi gardama a je gaban mai unguwa ko fadar sarki, tunda a Nijar sha'anin aure har yanzu al'ada ake bi, sarakuna kuma suna da hurumin sulhu. Kai kuma da ko kawunka bai san da zancen ba, ka tsallake rabin hukuncin da ya ce in kai ka fasa ka yi asara, ka riƙe rabin da ya yi maka daɗi. Kuma malaman nan dai su ne suka karantar da mu hadisin da ya kwatanta mai karɓe kyautarsa da kare. Wannan ba ka ji shi ba?

Ƴan mata, kada ku yi guɗa tukuna. Wadda ta riƙe kwamfutar da ya ara mata don rubuta aikin ƙarshen shekara, ko littafinsa, ko takardar haihuwarsa da ya manta cikin jaka, don ya zo ya roƙa, ta ci amana, ko da shi ya fara cin tata. Masu ƙona riga a tsakar gida ma haka. Kayan aro ba ya rufe katara. Ki ɗaure su, ki ba yayarki ko wata inna ta kai cikin mako, ba sai kun haɗu ba. Shi ma in ya san da abinsa a can, ya aiko babba, ya daina fakewa da caja ɗaya yana sintiri a ƙofar gidan mutane.

Kayan da suka fi ba ni tsoro ba sa shiga jaka. Hotuna ne, da saƙonnin murya na tsakar dare, da sirrin gidansu da ta faɗa maka ranar da take kuka. Ba wanda ke sa su a takardar lissafi, amma su ake zarowa in an ƙi biya: "ko ki maido salula, ko gari ya gani." Cikin kalmominmu huɗu, wannan ajiya ce tsantsa. Ba ta ba ka don ka mallaka ba, ta ba wanda take zaton zai zama mijinta ne, kai kuma yanzu ba shi ba ne. Hoto ba a mayar da shi, gogewa ake yi, daga salula, daga memori, daga wayar abokin da ka tura wa. Hoto guda ya faɗa WhatsApp a Matameye da safe, kafin la'asar ya wuce Kance, ya ƙetare Ɗan Barto ya isa Daura, kuma yarinyar ce za a cire daga lise, aurenta ne zai watse. Shi yana fada yana dariya.

Ga wanda kunya ba ta hana shi, Nijar tana da dokar laifuffukan intanet tun watan Yulin 2019, kuma ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Ƙanwata, in an yi miki irin wannan barazana, kada ki goge saƙon nasa, kuma kada ki biya. Ki nuna wa babba a gidanku, ku tafi wurin jandarma da salular a hannu.