Kafin Ka Karɓi Babban Kare Daga Wani Gida

A bara wani magidanci daga wani ƙauye kusa da Yendi ya kawo mana 'yarsa mai shekara 6, hannunta ɗaure da tsumma. An sauya wa wani malamin makaranta wurin aiki, ya bar musu karensa. Kwana uku da zuwan karen, yarinyar ta sa hannu a kwanon abincinsa, ya cije ta. Uban ya fusata, ya kashe karen ya jefar a daji. Na tambaye shi ko an taɓa yi wa karen allura, ya ce bai sani ba. Sai da suka je har Tamale neman allurar rigakafi. Yarinyar tana nan lafiya, amma kuɗin gyaɗar da suka sayar ya tafi.

Duk da haka ban hana kowa karɓar babban kare ba. A ganina karɓarsa ya fi barinsa. Karen da masu shi suka tashi suka bari, shi ne gobe yake yawo a bola da mahauta, yana faɗa da wasu karnuka, yana bin yara a hanyar makaranta. A gida kuwa zai yi gadin awaki da rumbu. Abin da nake roƙo shi ne kada a karɓi kare ba tare da tarihinsa ba.

Dalilina ciwon haukan kare ne. Yana shiga jiki ta yawun dabba, ta cizo ko yakushi, ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare yana iya ɗauke da cutar makonni ko watanni yana wasa da cin abinci lafiya. A Bawku, inda Togo da Burkina Faso ke kusa, kare yana ƙetare iyaka ba mai tambayarsa takarda. A Salaga ma karen farauta yana kwana a daji, ba ka san da me ya haɗu ba.

To, ka tambayi mai shi: yaushe aka yi masa allura, ina katin? Ya taɓa cizon mutum? Me ya sa za a rabu da shi? Ka karɓi lambar wayarsa. In babu kati, ka ɗauka ba a yi ba. Ka kai karen ofishin likitan dabbobi na gundumarku a yi masa allura, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, a riƙa sabunta allurar kowace shekara. In akwai sabon rauni a jikinsa, ka nuna wa likitan, domin allura ba ta warkar da karen da ya riga ya kamu.

Wata guda na farko ya zauna a ɗaure a inuwa, da ruwa da abinci, babba ɗaya ya riƙa kula da shi. Baƙo ne, a tsorace yake. A koya wa yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya. A kuma nisanta shi da buta da wurin sallar maƙwabta, don zaman lafiya.

Wani zai ce, ni da ban gama biyan kuɗin makaranta ba, zan yi wa kare allura? Na san halin da ake ciki. Amma allurar kare sau ɗaya ce a shekara. Ta mutum kuwa sai an koma sau 4 ko 5 cikin wata guda, ga tsada, ga kuɗin mota, kuma ba ko'ina ake samunta ba.

In cizo ya faru, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a zo asibiti a ranar. Kada a shafa toka, ko ganye, ko gashin karen. Kada a kashe karen a jefar. A tsare shi kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. In ya cika kwanakin da lafiyarsa, bai ba da cutar a cizon ba. Amma kada a zauna gida ana jiran kwanakin su cika kafin a zo wurinmu.

Wanda ba zai iya waɗannan ba, ya ce wa mai kare ya nemi wani gida. Babu kunya a ciki. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu.