Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Jama'a, duk lokacin da aka ce za a yi wani babban aiki da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, sai ka ji ana tafi, wai gwamnati ba za ta kashe ko sisi ba. Kafin mu yi tafin nan, mu leƙa abin da ya faru da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda ya girmi kowanne a duniya, don tun 1863 yake aiki.

A ƙarshen shekarun 1990 layukan sun tsufa, gyara yana neman maƙudan kuɗi. Gwamnatin Tony Blair ba ta so ta ɗauki nauyin ita kaɗai, sai ta miƙa gyaran dogo da tashoshi da jirage ga kamfanoni biyu, Metronet da Tube Lines, kwangilar shekara 30. An gama sa hannu a 2003. Tuƙa jiragen da karɓar kuɗin tikiti suka ci gaba da zama a hannun hukuma. Magajin garin na lokacin, Ken Livingstone, har kotu ya je don ya hana, bai yi nasara ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Kamfanoni biyar ne suka mallaki Metronet, kuma su ɗin ne dai Metronet ke ba yawancin ayyukan. Mai saye da mai sayarwa mutum ɗaya, wa zai tsaya neman ragi? Su kuma bankunan da suka ba da bashi, an yi musu alkawarin cewa ko kamfanin ya karye, hukuma za ta biya kashi 95 cikin 100. Wanda ya san kuɗinsa ba za su salwanta ba, me zai sa ya hana idonsa barci wajen sa ido?

A watan Yulin 2007 Metronet ya durƙushe, shekara huɗu kacal cikin talatin. A 2008 gwamnati ta fito da fam biliyan 1.7 ta biya bankuna. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ƙiyasta asarar da aka jawo wa masu biyan haraji tsakanin fam miliyan 170 zuwa 410. A 2010 hukumar sufurin birnin ta saye Tube Lines a kan fam miliyan 310, aka rufe babin.

Gaskiya ne masu hannun jarin Metronet su ma sun yi asarar fam miliyan 350 da suka zuba. Amma ku gwada wannan da bashin da aka bar wa jama'a.

Ni ba na ƙin 'yan kasuwa. A Hong Kong kamfanin jirgin yana kasuwar hannun jari, yana kuma cin riba daga gine-ginen da ake yi a saman tashoshi, amma gwamnati ce ke riƙe da kaso mafi tsoka. Magana ɗaya ce: jirgin birni ba shagon kanti ba ne da za a rufe idan ciniki ya ƙi. Dole gobe da safe mutane su tafi aiki, kuma kamfani ya san haka. Don haka ko me aka rubuta a takarda, gwamnati ce mai biya na ƙarshe.

Mu ma nan ana ta maganar jiragen cikin gari da haɗin gwiwa. Mu da ke aikin gwamnati mun san ba ranar yanka ribon ake cutar jama'a ba, ranar sa hannu ce. Ku tambaya: idan aikin ya karye, bashin a wuyan wa yake? Nawa kamfanin ya zuba daga aljihunsa? Wa ke da ikon duba littattafansa? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar neman amsa.

Idan Ingila da duk ƙwararrun lauyoyinta ta ƙone hannu, mu sai mu shafa wa gemunmu ruwa. Allah Ya ba mu shugabanni masu karanta takarda kafin su sa hannu.