Wa Ya Gwada Irin?

Manomin Danja ba ya wasa da iri. Kafin ya shuka masara sai ya ji inda ta fito, in da hali ya aika Samaru a sayo masa wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar. Mai tumatir sai ya yi reno, ya ga yadda irin ya tsiro, sannan ya dasa a fadama. Rake ma ba kowane kara ake binnewa ba. To wannan mutumin, shi ɗin dai, in matarsa ta shekara uku ko ɓatan wata ba ta yi ba, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne "juya ce". Da kai nake, maigida, kuma ba rarrashinka na zo yi ba.

Ina da ƙanwa da ta shekara shida a ɗakin miji babu haihuwa. Wata rana na je dubiya, ta sunkuya za ta jawo mini tabarma, sai na hango galan uku a ƙarƙashin gado. Ɗaya jiƙon sassaƙe ne da ya yi baƙi har ya fara kumfa, ɗaya rubutu, na ukun ko ita ba ta san mene ne ba, uwar mijinta ce ta aiko da shi, da saƙon a sha safe da yamma. An yi mata hayaƙi, an ba ta na matsi, tumakinta biyu sun tafi wajen masu magani. A duk shekarun nan ko hawan jinin mijin ba a taɓa aunawa ba. Ya ƙara aure. Amarya ta shekara biyu, ita ma shiru. Ka san abin da dangi suka ce? Wai uwargida ce ta ɗaure mata mahaifa. Laifi tudu ne.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Rabi fa. Amma je ka layin masu neman haihuwa a kowane asibiti ka ƙirga hula nawa za ka gani.

Na san amsarka, don na sha jin ta a majalisa: "Ni lafiyata ƙalau, a tambayi iyalina." Malam, ƙarfin namiji daban, ƙwayar haihuwa daban. Mutum na iya zama ingarma a shimfiɗa alhali maniyyinsa babu ƙwaya ko ɗaya mai motsi, kuma ido ba ya gane wannan, sai na'ura. Wani ya ce ai ya taɓa haihuwa da matarsa ta fari. Shekara nawa ke nan? Ciwon sanyin da ka ɗauka daga baya, ka sha kafso uku a kemis zafin fitsari ya lafa ka ce ka warke, yana iya toshe maka hanya, kuma kai ne ka kai wa matarka shi ya toshe mata bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Hangum in ya kama mutum bayan ya balaga yakan sauka ya taɓa 'ya'yan maraina. Ga tsargiya, wadda mu 'yan noman rani muka maida ba komai ba: yaro ya yi fitsarin jini a ce ya zama namiji, alhali tsutsa ce daga ruwan da ke kwance, tana lalata mafitsara da hanyoyin haihuwa, na maza da na mata, kuma ƙwayar praziquantel na kashe ta. Ga maganin feshi da kake goyawa babu safar hannu babu takunkumi, yana zuba yana jiƙa maka wando tun safe har azahar. Taba da tiramadol da ake sha don a jure aiki, su ma ba su bar maniyyi lafiya ba.

Gwajin da kake gudu kuwa, a duk gwaje-gwajen haihuwa babu mai sauƙinsa. Ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a ba ka ƴar kwalba, shi ke nan. Babu allura, babu yanka. In sakamakon bai yi kyau ba ma ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin jiki na ɗaukar wajen wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabuwar ƙwaya, sai a sake dubawa. Ita kuwa matar da ka tura gaba, sai an ɗebi jininta, an yi mata hoton mara, wani lokaci a ɗura mata ruwa ta mahaifa a ɗauki hoto, abin da ke sa mace ta ciji zane.

Akwai kuma lissafi, wanda ɗan kasuwa bai kamata ya faɗi ba. Ƙwan mace sau ɗaya yake fita a wata, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma da wuya ya wuce kwana ɗaya da rai. Maniyyi na iya jira a jikinta har kwana biyar. Ke nan ƙofar kwana shida ce kacal. Kai kuma ka bi motar tumatir zuwa Mile 12 a Legas, ka yi sati uku, ka dawo ka kwana biyu ka juya. Mai mata huɗu da ke raba kwana bibbiyu, kowace sai ta yi dare shida ba ta gan shi ba. Sannan a zauna ana mamaki.

Hajiya, uwar miji, ke ma ki matso. Gorin da kike yi wa yarinyar nan shi ke tura ta inda za a illata ta. Shi ke kai ta kemis ta sayi Clomid ba tare da likita ya gan ta ba, ta sha wata da watanni, maganin da aikinsa kawai zaburar da ƙwai, ba ya buɗe bututun da ya toshe, ba ya gyara maniyyin ɗanki, kuma yana iya kumbura mata ma'ajiyar ƙwai. Shi ke sa ta cusa kanwa da ƙulle-ƙullen da ke ƙona gaba su bar tabo. Shi ke kai ta ɗakin wani mai farar riga da ba a san inda ya yi karatu ba, ya ce sai an yi mata wankin mara, ya kankare mahaifar har ta manne. Mafi muni yankan gishiri: a sa aska a gaban mace wai a buɗe hanya, a huda mafitsara. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya daɗe yana ɗinke masu yoyon fitsari, kuma cikinsu akwai waɗanda aska ce ta kai su. In kuma al'ada ta ɗauke, sai a ce ciki ne ya kwanta, a shekara biyu ana jiran ya tashi, lokaci na tafiya, alhali bayan shekara 35 ƙwan mace raguwa yake yi da sauri.

"Haihuwa ta Allah ce." Haka ne, babu musu. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban ga wanda ya ƙi sayen taki saboda haka ba. Ka yi addu'arka, ka yi sadaka, sannan ka bi ƙa'ida: shekara ɗaya ana tare babu ciki, ku je asibiti ku biyu, in ta haura 35, wata shida ya isa. Ita ta fara shan ƙwayar folic acid tun kafin cikin ya shiga. Babban asibitin Funtua na nan, na Malumfashi na nan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku asibitin koyarwa na Shika, hanyar da kake bi ba tare da ka yi tunani ba in farashin barkono ya tashi a Zariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likita ba ya kai sakamakonka majalisa.

Mijin ƙanwata har yau bai je ba. Na yi masa magana sau biyu, na biyun ya ce in don wannan ne kada in ƙara taka masa gida. Ranar kasuwar da ta wuce na hango shi a rumfar mai kayan gona, riƙe da gwangwanin irin tumatir, ya ɗaga shi sama yana neman kwanan watan da ke gindi, yana ce wa yaron shagon shi fa ba ya zuba kuɗinsa a irin da bai tabbatar da shi ba.