Halal Ne, Amma Faranti Nawa? Mai Ciwon Suga Da Hawan Jini A Gidan Abincin Uzbekistan

Duk Bahaushen da ya zauna gaban malami ya san sunan Bukhara tun kafin ya san inda take a taswira. A can aka haifi Imam Bukhari a shekarar 810, ya kuma rasu a 870 a wani ƙauye kusa da Samarkand, inda kabarinsa yake har yau. Idan Allah ya nufe ka da ziyartar wannan ƙasa ta Uzbekistan, ko kasuwanci ko karatun ɗa ya kai ka, yunwa za ta shigar da kai ɗaya daga cikin ƙananan gidajen abincinsu, waɗanda suke kira oshxona ko choyxona. Za ka tambaya ko naman halal ne, za a dafa ƙirji a ce maka halal ne, hankalinka ya kwanta. A ganina, idan kana fama da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, a daidai nan ne ya kamata ka ƙara buɗe ido.

Kalmar halal tana ba ka labarin dabbar da yadda aka yanka ta. Ba ta faɗa maka yawan kitsen da aka narka a tukunya ba, balle gishirin da aka zuba. Mu kuwa mun saba, da zarar mun ji ta a ƙasar baƙi sai mu saki jiki, mu ci kamar an ɗauke mana dokar likita.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu cewa mara lafiya ya cika jaka da biskit da garin kunu, ya ƙaurace wa abincin mutane. Wanda ya je Samarkand ya dawo bai ɗanɗana palov ba, ya yi asarar rabin tafiyarsa. Ka ci, amma ka san abin da ke cikin farantin.

Palov, wanda suke kuma kira osh, ɗan'uwan dafa-dukarmu ne, sai dai ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. A wani babban kaskon ƙarfe mai suna kazan ake dafa shi. Mai ake fara zubawa, sau da yawa man angurya, wasu su haɗa da kitsen jelar tumakinsu masu faffaɗar jela. A soya nama da albasa, a zuba karas mai yawa wanda aka yanka siri-siri, galibi rawaya, sannan a shimfiɗa shinkafa a sama ta nuna da tururi tana tsotse maiƙon da ke ƙasa. A ƙara tafarnuwa dunƙule, da wani ɗan yaji mai ƙamshi da suke kira zira, wani lokaci da zabibi da wake. Darajarsa a wurinsu ta kai ga UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Idan ka gama, karkata farantin ka ga man da ya kwanta.

Ga mai ciwon suga, palov yana da wata dabara da ya kamata ya sani. Farar shinkafa tana ɗaga suga, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, maiƙo mai yawa yana jinkirta fitar abinci daga ciki. Saboda haka kana iya gwada jininka bayan awa ɗaya ka ga lamba mai daɗin gani, ka yi hamdala, sai can bayan awa uku ko huɗu sugan ya yi sama ya daɗe bai sauko ba. Ranar da ka ci palov, ka sake gwaji da la'asar. Su kansu masu abin da rana suke cin sa. Manyan wuraren dafa shi a Tashkent sukan ƙarar da tukunyarsu jim kaɗan bayan azahar. Ka yi koyi da su, kada ka kwana da shi a ciki. Ka nemi rabin faranti, kalmar ita ce yarim, ko ku raba guda kai da abokin tafiya. Ka haɗa da achichuk, wato yankakken tumatir da albasa da ake kawowa tare da shi, ka fara da shi kafin shinkafar. Bayan ka tashi, ka taka da ƙafa na minti goma sha biyar. Wanda aka taɓa gaya masa yana da tsakuwa a matsarmama, shi ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin abinci mai maiƙo irin wannan ne ke tayar da ciwon.

Tarkon da ya fi ɓuya shi ne burodin. Non suke ce masa, zagayayye, ana manna shi a bangon tanderu kamar yadda ake gasa gurasa a Kano, har sunan murhun ma tandir ne. Tun kafin ka yi oda za a ajiye maka shi da ɗuminsa. Mutum sai ya cinye rabi yana hira, bai lissafa shi cikin abinci ba, alhali fulawa ce zalla. Ka gutsuri kaɗan da hannu, kada ka kifa shi, domin a wurinsu rashin ladabi ne.

Mai hawan jini kuma gishiri ne abokin gabarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, amma binciken da aka yi a Uzbekistan ya nuna abin da mutum ke ci a can ya kusa ninka hakan sau uku. Ka yi hattara musamman da kurt, wasu fararen dunƙule-dunƙule na busasshen nono da ake sayarwa a kasuwa da bakin hanya. Kamar alewa suke a ido, gishiri ne tsagwaronsa a baki. Romon shurpa da na taliyar lagman ma sukan ji gishiri. Ka ci nama da ganyen, ka bar ragowar romon a kwano. Idan zaɓi ya zo, manti da ake turarawa ya fi soyayye sauƙi, samsa mai kabewa kuma ya fi mai nama, wanda ake cusa wa kitsen jela. Tsirensu, shashlik, ana jera shi ne tsoka da kitse, tsoka da kitse. Zare kitsen ba laifi ba ne.

Akwai wata magana da ta shafi fiƙihu fiye da asibiti, amma ba zan tsallake ta ba. A kan palov ɗin alfarma sukan ɗora yankan kazi, wato naman doki da aka cusa a hanji. Su halal suke ɗaukar sa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi kuwa, malamai tsakanin hani da karhantawa suke. Ka tambaya kafin a zuba. Yana da gishiri da kitse sosai, don haka ko ta fuskar lafiya barin sa bai rage ka da komai ba.

Abin da na fi yaba musu shi ne shayi. Koren shayi suke sha a ƙananan kofuna marasa mariƙi, ba madara, galibi ba sukari, kuma da tafasasshen ruwa aka yi shi, wanda ya fi ruwan famfo aminci ga cikin baƙo. Ka dai kauce wa navat, dunƙulen sukarin da ake ajiyewa a gefe. Kankanarsu da inabinsu zaƙi ne da su kamar zuma, yanka ɗaya ya ishe ka. Nono da kindirmon da ba ka tabbatar an tafasa madararsu ba, ka haƙura da su, musamman mai juna biyu da ƙananan yara, saboda cutar burusela da ake ɗauka daga ɗanyar madara sananniya ce a yankin.

Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu. Idan kana allurar insulin ko shan magani a ƙayyadadden lokaci, ka zauna da likitanka kafin tafiya ku tsara yadda za ka matsar da lokutan. Magungunan su kasance a jakar hannu tare da takardar likita, insulin kuma a nesa da rana, domin zafin Yuli a Bukhara yakan haura digiri 40. Ka sa ɗan dabino a aljihu saboda ranar da yawon kallon masallatai ya ja lokaci, abincin rana ya makara, suga ya faɗi.