Wa Ya Ƙera Amalankenka?

Zancenmu na wannan wata a kan amalanke ne, wanda wasu ke kira sharet.

Da wuya ka shiga gari a ƙasar Magarya da Dungas ba ka gan shi ba. Shi ke kai taki gona da bazara. Shi ke kwaso damman hatsi da kaka. Shi ke fito da rake daga fadama zuwa bakin hanya, ya ɗauko wa dabbobi ruwa da harawa. In naƙuda ta yi wa mace tsanani cikin dare, sau da yawa shi ne motar da ke kai ta likita. Amma ka tambayi mai amalanke, ka ce wa ya ƙera shi? Zai ce maka: na gada wajen baba. Ko ya ce: a kasuwa na saya. Iyakarta ke nan. Makiyayi yana iya lissafa maka uwar saniyarsa da kakarta, har garken da suka fito. Amalanken da ya shekara 40 yana ciyar da gida kuwa, ba wanda ya san asalinsa.

To, amalanke yana da asali, kuma ana iya bin sawunsa. Bari mu fara da abin da aka sani.

A shekarar 1962 gwamnati ta kafa hukumar UNCC, mai kula da kwaperatib da bashin manoma. A wannan shekarar kuma aka kafa SONARA, kamfanin sayen gyaɗa. Lokacin nan gyaɗa ce kuɗin ƙasar Magarya. Manomi yana sayar da gyaɗarsa a kasuwar kwaperatib, yana da abin da zai biya bashi da shi. Shi ya sa aka yarda a ba shi kayan noma bashi, ya riƙa biya kaka kaka. A 1967 aka buɗe asusun bashin noma, wato CNCA. Ta wannan hanya garmar shanu da amalanke suka riƙa shigowa ƙauyuka.

Cikin shekarun 1970 aka kawo furojen da ake kira 3M, da taimakon kuɗin ƙasashen Turai. M uku ɗin nan su ne Mirya da Magarya da Matamai. Ana ɗaukar samarin manoma a kai su cibiyar horo, su yi damina guda suna koyon noma da shanu. In sun gama, sai su koma gida da kayan aiki na bashi. Ku tambayi dattawan garinku, za su nuna muku gidajen da aka fara ganin amalanke ta wannan hanya.

Su wa ke ƙera kayan? Da farko daga waje ake kawo da yawa daga ciki. A ƙasar Senegal akwai wani kamfani a garin Pout mai suna SISCOMA, wanda kayansa suka bazu a ƙasashen yammacin Afirka. Ya tsaya da aiki a 1980, wani mai suna SISMAR ya gaje shi. Daga baya ƙasarmu ta samu nata wuraren ƙira. A Damagaram akwai UCOMA. A Tawa akwai ACREMA. A Doso akwai CDARMA. A Maradi akwai SEFAMAG. Ku karanta sunayen nan da kyau, ku kwafe su cikin kaye, wato littafin rubutunku. Wata rana za ku gamu da ɗaya daga cikinsu a jikin ƙarfe ko a kan takarda. Mafi kusa da mu shi ne UCOMA, ma'anar sunan kuwa wurin ƙera kayan aikin gona. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin sunan ba, alhali wataƙila a kan aikinsa suke zaune kullum in za su gona.

Sai abubuwa suka juya. Fari ya zo a 1973. A 1975 ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ta lalace a gonaki. A 1984 wani farin ya sake zuwa, shanun noma suka mutu, wasu aka sayar da su a kuɗin banza. Manoma da yawa suka kasa biyan bashi. A tsakiyar shekarun 1980 aka rushe UNCC, bashin kayan noma ya tsaya. Amma buƙatar amalanke ba ta tsaya ba. Masu walda na garuruwa suka karɓi aikin. Suna samo ƙafafun matattun motoci, su haɗa da ƙarfe da katako, su fitar da amalanke mai rahusa. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa samun irin wannan, don tun 1975 ake haɗa motar Peugeot a Kaduna, wadda muke kira Fijo, kuma tsofaffin kayanta sun cika kasuwannin Nijeriya.

Ke nan tsohon amalanke iri uku ne a ƙasarmu: na waje, na wuraren ƙira irin su UCOMA, da na mai walda. Akwai kuma na huɗu, kuma shi ya fi yawa: wanda aka yi ta gyara har ya zama haɗin gambiza, gado daga nan, ƙafa daga can.

Yanzu yaya za ka gane naka?

Kada ka fara da katako. Katako yana ruɓewa, an canza shi sau biyu ko uku. Kada ka dogara da fenti. Ka saki shanu, ka tokare amalanken da kyau don kada ya faɗo maka, ka duba ƙarfen da ke ƙasa. Ka duba gaban gado, inda doguwar sandar da ke zuwa karkiya ta haɗu da shi. Ka duba babban ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafu biyu. Wasu maƙera suna manna ɗan faranti mai suna da lamba. Wasu suna buga rubutu a jikin ƙarfen. Wasu ba su sa komi. In tsatsa ta rufe wurin, ka goge da tsumma da ɗan kananzir. Kada ka kankare da wuƙa ko dutse, za ka tafi da rubutun. In baƙaƙen sun dushe, ka shafa alli a kai, ka hure. Ko ka ɗora farar takarda ka goga fensir a hankali, za su fito farare. Daga nan ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya, yadda suke. Ko da kalmar Faransanci ce ba ka gane ta ba, ka kwafe. Baƙaƙen su ne dai waɗanda muke koya a aji. Wanda ya iya rubuta sunansa ya iya wannan aiki. Mai salula kuma ya ɗauki hoto.

In babu rubutu ko kaɗan, ƙirar ma tana magana. Aikin babban wurin ƙira yana zuwa iri ɗaya, awo ɗaya, don da yawa ake yin sa. In ka ga amalanke biyar a garuruwa biyar, tsawonsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, ramukan kusoshinsu a wuri ɗaya, to hannu ɗaya ya yi su. In ɗaya daga cikinsu yana da suna a jiki, ya ba sauran huɗun suna. Irin na shanu an yi shi don kaya kamar tan guda, wato kilo 1000. Na jaki kamar kilo 500. Na mai walda kuwa, sau da yawa za ka ga ƙullutun ƙarfe a tsakiyar ƙarfen ƙafa, alamar daga bayan mota aka ciro shi. Ka ƙirga kusoshin da ke riƙe da ƙafa. Ƙaramar Fijo 404 kusa uku gare ta, ƙaramar 504 kusa huɗu.

Taya ma tana da rubutu, amma a yi hankali da ita. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2308, mako na 23 ne na shekarar 2008. Tayoyin da aka yi kafin 2000 lambobi uku gare su. Sai dai wannan shekarun taya ne kawai. Amalanke yana cinye taya da yawa a rayuwarsa, kuma yawancinsu kwance ne daga mota.

Bayan ƙarfe sai takarda. A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka ko gwangwanin da maigida ke ajiye takardun haraji. A ciki ana iya samun rasit na kwaperatib, ko takardar bashi mai hatimi. Ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi, don tana da suna da shekara. Mutanen Dungas da Guci da Malawa da Dogo-Dogo, kada ku yi mamaki in kun ga an rubuta Magarya a kan takardunku. A can baya duk ƙarƙashin Magarya ake. Sai a 2011 Dungas ta zama departema mai zaman kanta.

A nan akwai wata matsala da ya kamata in faɗa. Dattijo yana jin ka ambaci takardar amalanke, sai ya ɗaure fuska. Yana tsammanin an dawo karɓar tsohon bashi ne. Ka kwantar masa da hankali tun kafin ka zauna. Ka ce: Baba, ba bashi ya kawo ni ba, UNCC da CNCA sun daɗe da rufewa, labari nake so. Kuma kada ka fita da takardarsa daga gida. Ka kwafe a gabansa, ka mayar masa da abarsa hannu da hannu.

Wajen tambaya, kada ka ce masa wace shekara. Mutanenmu ba da lamba suke riƙe shekara ba. Ka ce: kafin sojoji su karɓi mulki ne, ko bayan haka? Seyni Kountché ya hau a watan Afrilu na 1974, ya rasu a Nuwamba na 1987. Ka ce: kafin gyaɗa ta lalace ne? Wannan 1975 ke nan. Ka ce: lokacin da Buhari ya canza naira ya rufe iyaka fa? Wannan 1984 ne, ba a buɗe ba sai 1986. Lokacin da aka karya darajar sefa, kayan waje suka yi tsada, Janairu ne na 1994. Da haka kai mai karatu za ka mayar da maganarsa lamba. Kuma kada ka tsaya ga bakin mutum ɗaya. Ka tambayi tsohon shugaban kwaperatib in yana raye, ka tambayi maƙerin gari. Ka tambayi tsohuwar gidan. Ita ta san ko amalanken ne ya kawo kayan auren ɗiyarta ta fari, kuma ba ta mance wannan ba. In baki biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun, kowane da sunan mai shi. Kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Wani zai ce: Malam, wannan aikin marasa aiki ne, tarihi ba ya cika rumbu. To, ga amfani na kusa. A cikin cibiyar ƙafa akwai boris, wanda wasu ke kira rulma. Shi ke sa ƙafa ta juya. Ranar da ya fashe, amalanke ya kwanta, kuma da kaka ya fi fashewa, lokacin da kaya suka yi nauyi. Mutum sai ya bar aiki ya tafi Magarya, ko ya tsallaka Maigatari, ya sayo da ido. Ya dawo, bai shiga ba. Kuɗin mota ya tafi, kwana biyu sun tafi, hatsi yana gona. Alhali lamba tana nan a gefen boris ɗin. In ka ga 6206 ko 30206, lambobi biyu na ƙarshe ka ninka su sau 5: 06 sau 5, faɗin ramin milimita 30 ke nan. In 07 ne, milimita 35. Wanda ya rubuta wannan lamba tun amalanke yana lafiya, ko yaro zai aika da takarda a kawo masa daidai. Ranar da kake sa giris, ranar ce ta kwafe lambar.

Haka wajen ciniki da rabon gado. Mai saye da ya iya duba ƙasan amalanke, sabon fenti ba ya ruɗinsa. Magada kuma in akwai rubutu mai nuna wanda ya karɓo kayan da wanda ya biya, gardama tana raguwa.

Ba mu kaɗai ke irin wannan bincike ba. A Amurka akwai wani ɗan ɗaki mai ƙafafu da mota ke ja, matafiya suna kwana a ciki. Ƙananan kamfanoni da yawa sun ƙera shi a da, suka mutu, aka mance da su. Yau masu tsofaffin ɗakunan suna neman faranti da lamba da tsofaffin takardu, don su san wa ya yi nasu. Su don sha'awa suke yi. Mu abin cin abincinmu ne.

Abin da ya sa na matsa shi ne lokaci. Saurayin da ya karɓo amalanke yana ɗan shekara 25 a 1978, yau ya haura 70. Ni kaina ba a haife ni ba a lokacin, daga bakinsu nake ji. Ga kuma masu sayen tsohon ƙarfe suna yawo gari gari da sikeli. Ba na hana kowa sayar da abinsa in ya mutu. Amma kafin a ɗora shi a sikeli, a kwafe abin da ke jikinsa, minti 10 sun isa.

Ga abin da nake roƙon kowace cibiyar yaƙi da jahilci, daga Sasumburum da Yekuwa har Bande da Waca da Dungas. Kowane ɗalibi ya ɗauki amalanke guda, mafi tsufa a unguwarsu. Ya rubuta sunan gari, na shanu ne ko na jaki, rubutun da ke jikin ƙarfe, yawan kusoshin ƙafa, lambar boris, tsawo da faɗin gado, da abin da dattawa biyu suka faɗa a kansa. Ya ba malamin cibiyarsu. Malamai su aiko wa jarida kafin ruwa ya sauka a rufe aji. Abin da ya iso, za mu jera shi gari gari a wannan fili.