Rabon Lada A Wasan Harbi: Darasi Daga Badar



A wasannin harbi irin su PUBG da Free Fire, wanda ya fi kisa ake yi wa kirari, a manta da wanda ya tashe shi bayan ya faɗi. A ganina wannan ba adalci ba ne.

Bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 Hijiriyya, Sahabbai sun saɓa kan ganima. Suratul Anfal ta sauka, Annabi (SAW) ya raba daidai tsakanin waɗanda suka kori maƙiya da waɗanda suka tsaya gadinsa.

Wasa ba jihadi ba ne, amma wanda ya saba danne haƙƙin abokinsa a waya, gobe zai danne a kasuwa. Ko a gayyar noma a Makoda, ba a hana mai ɗebo ruwa fura.

Allah ya sa mu dace.