Daga Samaru Zuwa Gonakin Fagam

Manomin Fagam da ya shuka gyada SAMNUT 24 ba lallai ya san cewa "SAM" ɗin nan Samaru ake nufi ba, wato Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Cibiyar ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba: tushenta tun 1922, jami'ar kuwa sai a 1962 aka kafa ta.

Aiki a can ba na malami ɗaya ba ne shi kaɗai a ofis. An raba masana rukuni-rukuni: masu hatsi daban, masu gyada da wake daban, masu auduga daban. Kowane rukuni da mai haɗa iri, da masanin cutar tsirrai, da na ƙwari, da na ƙasar noma. Da yawansu su ne ke koyarwa a Tsangayar Aikin Gona, ɗalibansu masu neman digiri na biyu da na uku na duƙe a gonakin gwaji. Iri sai ya sha gwaji damina bayan damina, a Samaru da tashoshin Kano da Kadawa da Talata Mafara, sannan a gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan ya yarda a sake shi.

Wannan haƙurin ya biya. Annobar da ta afka wa gyada a 1975 tana cikin abin da ya rushe dalar gyada ta Kano. Masanan Samaru, tare da cibiyar ICRISAT, suka fitar da irin da ke jure cutar.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarshen hanyar. Ƙarin girma a jami'a ya fi rataya ga maƙalar da aka buga a mujalla. Wanda ya kwana a ƙauye yana nuna tazarar shuka ba ya samun lada kamar haka. Malaman gona kuma sun yi kaɗan, har manomi kan gama damina bai ga ko ɗaya ba.

Mai wannan shafi na ganin gyaran ba ya da nisa. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ta fi Zariya kusa da Fagam. Ita da hukumar aikin gona ta jiha, JARDA, su yanki gonar gwaji a Fagam, a ware mata kaso daga kuɗin bincike na TETFund, a gayyaci manoma ranar cirar gyada su auna da tiyarsu.